Shaidar Shanun Dauda a Jikin Akwatin Sauti

Illo ɗan Dauda mutumin Adar ne, daga wani ƙauye arewa da Tawa. Ya sauka Yamai yana saurayi, ya koyi aikin katako a unguwar Gudel, ya ƙare yana ƙera akwatunan sauti, waɗanda 'yan birni ke ce wa bafil. Kayan ciki, lasifika da wayoyi, Alhaji Issoufou mai butik, kantin da ake sayar da akwatunan, ke sayo su daga waje. Amma jikin, abin da ido ke gani kafin kunne ya ji komai, wannan na Illo ne. Jan katako ne mai duhu, ya goge shi har ka ga fuskarka, ya rufe gaban da baƙin saƙi mai zaren azurfa. Mutum ne marar yawan magana, mai saurin fushi, kuma bai taɓa gode wa wanda ya ajiye kofin shayi kan aikinsa ba.

Lokacin da fari ya faɗo, shanun ubansa suka zube ɗaya bayan ɗaya, har ba wadda ta rage. Tsohon ya aiko masa da abin da ya saura: ƙarfen da ake sa wa shanun gidansu shaidar wuta tun kakanni, zane kamar sawun zabuwa cikin da'ira. Saƙon baki ya biyo shi, cewa kada shaidar nan ta mutu a hannunsa. Daga ranar, duk akwatin da Illo ya gama sai ya gasa ƙarfen ya danna shi a gefen dama, katakon ya yi hayaƙi. Yaran Alhaji su zo da amalanke su kwashe. Shi kuwa bai leƙa butik ɗin ba, don ba ya son zaman kasuwa.

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki, ciniki ya buɗe. Sababbin manya suna son garmaho da bafil a falonsu, mutanen arewa kuwa suna kwance bayan gari suna jiran tsabar agaji. Cikinsu Dauda ya iso, a bayan kamiyo, babbar motar kaya, ya rame kamar kara. Ko hura bai gama sha ba ya ce, "Illo, kai ni in ga shanuna."

Illo ya kai shi butik ɗin, inda akwatunan masu shaidar suke, yana jin kansa a sama. Ga akwatunan a jere suna sheƙi. Tsohon, da idonsa ya yi rauni, ya kai hannu gefen dama yana lalube. Sai ya taɓo sanyin ƙarfe. Wani ɗan gwangwani ne mai ruwan zinariya, an buga shi da ƙusa, da suna irin na Turawa a kai, sunan da Alhaji ya ƙago da kansa, wanda ko shi bai iya faɗinsa daidai ba!

Illo ya zaro wuƙa ya ɓamɓare shi. Wallahi da rufewa kawai aka yi, da da sauƙi. An fere wurin ne, an goge, an shafa mai, sumul.

"Alhaji, mene ne wannan?"

"Haba Illo, rage murya, akwai baƙi," in ji Alhaji, yana waigen wani kapitan da matarsa. "Wa zai kai tambarin saniya falonsa? Mutanen nan kayan Faransa suke so. In na ce a Gudel aka yi, ko kallo ba su yi."

"Tambarin saniya? Sunan gidanmu ne, Alhaji! Kai wa ya fere naka?"

Kapitan ya juyo, Alhaji ya yi masa 'yar dariyar nan ta 'yan kasuwa, wai ma'aikaci ne rana ta taɓa. Ka ji rainin wayo! Tun farko haka Alhaji yake yi, akwati bayan akwati, bai ko ga ya kamata ya faɗa ba. Illo ya tsaya, ya san in ya ɗaga hannu gaban kaki, yau ba a gida zai kwana ba, kuma ba mai mayar da tsohon masauki.

 Sai da suka fito titi Dauda ya tsaya, ya dafa sandarsa.

"Shekara nawa kana turo su nan ba ka biyo sawunsu ba?"

"Baba, aiki ne ya..."

"Makiyayi kan bi dabbarsa har mashaya. Nawa ƙishirwa ta kashe su ina tsaye a kansu. Naka an yanka su kana Gudel kana goge katako." Ya miƙa hannu. "In mun isa, ba ni ƙarfena."

Illo ya ba shi. Bai sake yi wa Alhaji ko kujerar tsuguno ba, ya koma ƙera tagogi da ƙyamare a unguwar Banifandu. Tsohon ya bi kamiyon farko da ya nufi Tawa bayan saukar ruwa, bai bari Illo ya riƙe masa jaka ba.