Duron da Ke Dawowa Ranar Litinin

Ni mutum ne mai zargi, haka Allah Ya yi ni. Ko gaisuwa aka tsawaita mini sai na fara dafe aljihu. Ina jin shi ya sa aka ba ni kula da sito a wani kamfanin shinkafa da ke Dubai Investments Park.

Cikin masu lodin buhuna akwai wani Ba'indiye siriri mai ɗan furfura, ɗan ƙabilar Thakar daga tsaunukan Maharashtra. Da guntun Turanci da guntun Larabci muke fahimtar juna, kuma ba ya son magana. Shirun nan nasa bai taɓa kwanta mini ba.

Wajen ƙarshen Oktoba na lura da wani shuɗin duro na roba da muke tara tsummokara a ciki. Sai ya ɓace ranar Asabar da yamma, Litinin da safe in tarar da shi a mazauninsa. Na tambayi maigadi, ya ce mutumin nan ne ke fita da shi. Na ce a raina, wa zai ɗauki duro ya dawo da shi in ba wani abu yake fitarwa a ciki ba? Mako na uku na leƙa, sai ga ƙwayoyin shinkafa a gindinsa. Ban tsaya tambayarsa ba. Na wuce ofishin manaja na zayyana komai, har da ƙarin gishiri, alhali na san wanda aka kama da sata a nan ya rasa aiki, ya rasa biza.

Duk da haka ban gamsu ba, ina son ganin wanda yake sayar wa. Ranar Lahadi bayan la'asar na lallaɓa bayan masaukin ma'aikata. Kafin in sha kwana na ji kiɗa mai nauyi, irin wanda ake ji a ƙirji.

Duron ne rataye a wuyansa da igiyar ɗaure kaya, yana narka masa sanda. Maza shida ba takalmi sun kewaye shi, su sunkuya tare, su miƙe tare, su buga ƙafa a kan siminti mai zafi. Mutumin da ban taɓa ganin haƙorinsa ba, ga shi yana dariya har da ihu. Ni kuwa ina laɓe ina neman buhu. Babu buhu.

Ya hango ni, ya yafito ni da murna. "Ɗan'uwa, zo! A gida an gama girbi." Ya ce a ƙauyensu idan shinkafa ta shiga rumbu akan fito da manyan ganguna, maza da mata su yi ta rawa. Shekara huɗu rabonsa da gani. Ya kwance wani ɗan ƙullin shinkafa da wani mutumin garinsu ya kawo masa daga gonarsu, ya ce yana watsa kaɗan cikin duron don gonar ma ta halarta.

Shanshera ce, da ɓawonta. Ni da na tashi a fadamar Kura, na yi yanka na yi bugu, na san sitonmu babu shanshera ko ƙwaya ɗaya, duk gyararriya ce doguwa. Ita ce kuma na gani a gindin duron da idona. Kunya ta kama ni har na kasa kallonsa.

Litinin tun kafin a buɗe sito ina ofis, ina rantsuwa cewa kuskure na yi. Manaja bai ɗago kai ba. "Khalas, magana ta ƙare, habibi. Ko da sata ko babu, ya fitar da kayan kamfani ba izini. Takardar korarsa ta riga ta wuce."

Ranar da zai tafi ya same ni bakin sito da jakarsa. Ya damƙa mini ƙullin shansherar, ya ce tunda ni ma ɗan manomi ne, in ajiye. Sannan ya duba hagu da dama, ya rage murya.

"Ɗan'uwa, wani ne ya kai ƙarata. Maigadi nake zargi. Ka yi hankali da shi, kai mutumin kirki ne."

Maigadin na tsaye can yana ɗaga masa hannu. Na buɗe baki, abin da ya fito kawai shi ne, "To."