Bara'atu da Direban Ma'aunin Ruwa

Bara'atu ɗiyar Malam Abubakar ce na cikin garin Wurno, gidan da aka sani da karatu tun kaka da kakanni. Yayyenta maza duk sun bi sahun mahaifinsu, ita kuwa da ta ƙare sakandare sai ta kafe a kan kwamfuta za ta karanta a Sakkwato. A can ne wani malaminsu ya ɗora musu Linux, wani tsarin sarrafa kwamfuta, a kan wasu tsofaffin kwamfutoci da kowa ya fid da rai da su, sai ga su sun tashi suna aiki sumul. Tun daga ranar ba ta sake kallon wani tsari ba. Takan ce abin da ya ja ta shi ne Linux ba ya ɓoye ciwonsa. In abu ya lalace zai faɗi inda ya lalace, sai dai in mutum ba shi da haƙurin karantawa.

Bayan ta yi aure ta samu aiki a wata ƙungiyar manoman rani da ke shan ruwan dam ɗin Goronyo. Kullum da safe takan hau mashin daga Wurno zuwa ɗan ofishinsu, ɗaki guda mai sola a kan rufi, daf da babbar magudanar ruwa. A bakin magudanar akwai ma'auni da wani injiniya ya kafa, aka jawo waya daga gare shi zuwa kwamfutar ofis, wadda ita ma Linux ne a kanta. Da zarar an sako ruwa ya kai wani tsayi, kwamfutar sai ta tura saƙo wayoyin manoma, kowa ya taho ya shayar da albasarsa. Kafin zuwan wannan abu, mutum kan taso tun daga Lahodu ya tarar da magudana a bushe, ko kuma ruwa ya zo ya wuce yana gida. Injiniyan ya gama aikinsa ya tafi, lambarsa ma ta daina shiga, aka bar wa Bara'atu riƙon komai.

Ta riƙe kuwa, har wani rani da ta sabunta tsarin kamar yadda ta saba. Kwamfuta ta mutu ta taso lafiya, allo tas, amma gurbin da tsayin ruwa ke fitowa babu komai.

Nan take ta zargi direba. Linux yana da zuciya da ake kira kanel, kuma kowace na'ura da aka jona tana da ɗan guntun manhaja, direba, wanda kanel ke lodawa kafin ya san da ita. Na ma'aunin nan injiniyan ne ya rubuta shi da hannunsa. Ta ba da umarni a loda shi, kwamfuta ta amsa da layi ɗaya: siffarsa ba ta dace ba. Ta buɗe rahoton tsarin ta bi shi a hankali, ta ga dalili. Don tsohon kanel aka gina direban, sabon da ya shigo bai san shi ba. Ta ce to, bari ta tayar da kwamfutar da tsohon. Ta duba, babu shi. Ma'ajiyar kwamfutar ƙarama ce, tsarin ya share shi don ya samu wuri.

Ana cikin haka Alhaji Siddiƙu, shugaban ƙungiyar kuma aminin mahaifinta, ya leƙo.

"Ɗiyata, mi ya samu abin? Mutane na ta kirana, wai an kusa sako ruwa, ba su ga saƙo ba."

"Baba, direba ne ya ƙi hawa."

"Wane direba kuma? Yaushe munka ɗauki direba?"

Ta yi masa bayani iyakar iyawarta. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To jiya lafiya lau take. Mi kinka taɓa?"

Ba ta yi abin da bai kamata ba, amma kuma ita ɗin ce ta taɓa.

Mafita ɗaya ta rage, a sake gina direban don sabon kanel. An yi sa'a rubutun injiniyan na asali yana cikin kwamfutar, amma ginin na buƙatar wasu fayiloli daga intanet, ofishin kuwa sabis sai an yi addu'a. Ta ɗauki wayarta ta hau kan tudun magudana cikin rana, tana ɗaga hannu sama. Saukewa ta yi nisa sai ta yanke. Ta sake, ta kuma yankewa. Sai da ta koma Wurno da yamma sannan fayilolin suka sauka, ta zuba su a filas, 'yar ma'ajiyar da ake soka wa kwamfuta.

Washegari ta sa gini, ya soma tafiya, ya tsaya cak da jan rubutu. Ta kira Jelani, abokin karatunta da ke gyaran kwamfuta a Sakkwato, ta karanto masa. Ya ce sabon kanel ya sauya sunan wani abu da direban ke kira, ta nemo wurin ta gyara. Layi yana yankewa, tana sake kira, yana maimaita harafi ɗaya-ɗaya, har aka samu ginin ya kammala. Ta yi hamdala, ta ba da umarnin lodawa.

Kwamfuta ta ce ta ƙi, direban ba shi da sa hannun da ta yarda da shi.

Bara'atu ta ture kujera ta miƙe, ta fita waje ta tsaya tana huci. Ashe injiniyan ya kunna tsaron da ke hana loda duk abin da ba a sa wa hannu ba, ya sa wa tsohon direban hannu da mabuɗinsa, ya tafi da mabuɗin. Wurin da za a kashe tsaron kuma ya kulle shi da kalmar sirri da ba wanda ya sani.

A ranar aka sako ruwa, kuma babu saƙon da ya fita. Na kusa sun gani da idonsu sun shayar, na nesa ba su ji ba. Da labari ya kai su, ruwa ya ja baya. Wata mata mai suna Hassana, wadda ke noman albasa da 'ya'yanta tun rasuwar mijinta, ta zo har ƙofar ofis riƙe da dashen da ya yi yaushi.

"Malama, ke kinka ce mu daina wahalar zuwa dubawa, waya za ta gaya muna. Ga abin da waya ta yi min."

Bara'atu ta buɗe baki za ta yi maganar kanel, ta ga ba ta da amfani. Ta ce, "Ki yi haƙuri, Inna." Hassana ta ajiye dashen a bakin ƙofa ta juya.

Jelani ya nuna mata wata hanya: ta ƙirƙiri nata mabuɗin, ta sa wa direban hannu, sannan ta gabatar da mabuɗin ga kwamfutar a lokacin tashi. Wani shuɗin allo zai fito na ɗan lokaci, dole ta danna kafin ya wuce. Karon farko Alhaji Siddiƙu ya shigo da magana, ta waiga ta amsa gaisuwa, allon ya wuce. Ta sake shirya komai daga farko. Karo na biyu ta danna, ta danna, babu motsi, don kibod ɗin ofis mara waya ne, kwamfutar ba ta ganinsa sai ta gama tashi. Ta hau mashin zuwa cikin Goronyo ta aro mai waya a wani shagon buga takardu, ta dawo fuska a murtuke. A karo na uku mabuɗi ya shiga. Ta loda direba, kwamfuta ba ta ce komai ba, wanda a Linux shi ne alamar an dace. Tsayin ruwa ya bayyana a gurbinsa.

Ba ta yi murna ba, gajiya ce kawai ta sauko mata.

Da kwamitin ƙungiya ya zauna, sai suka yanke cewa kada a ƙara sabunta kwamfutar har abada. Ta ce musu hakan haɗari ne, kuma ta riga ta shirya yadda direban zai riƙa sake gina kansa duk sanda kanel ya sauya. Alhaji Siddiƙu ya ce, "Mun ji, ɗiyata, amma dai a bar ta yadda take." Manoma da yawa kuma suka koma kiran Abdulƙadiri mai gadin ƙofar ruwa, ko saƙo ya shigo sai sun tambaye shi. Hassana ta sake dashe, albasarta ta fito a makare, ta tarar kasuwa ta cika.

Har yanzu Bara'atu tana wannan ofis. Abin da take roƙo shi ne a samo mata ko da tsohuwar kwamfuta ce ta biyu, wadda za ta riƙa gwada kowane sauyi a kanta kafin ya shafi gonar wani. Duk zaman da ta tayar da maganar, sai a ce a bari sai bayan an cire albasa.