Jinyar Surajo Mai Tuwo

Duk mai hawa bas a Kubwa ya san Surajo mai tuwo. Ɗan daudu ne, ba ya ɓoyewa: ga zani a ƙugu, ga lalle a hannu, ga baki kamar reza. "Kai oga, miyar ce za ka sha ko ni za ka kalla?" Abin da mutane ba su damu su sani ba, yana da mata a Karshi, Barira, da 'yarsu Kauthar. Barira ta aure shi a haka, suna zaune lafiya, kuma bai taɓa neman kowa bayanta ba.

Sai rama ta kama shi, ga ƙishirwa, ga yawan fitsari. Ran da ya yanke jiki ya faɗi gaban tukunya aka kai shi asibiti, Manniru wan Barira ya zo zaman jinya.

Likitan ya dubi lallen, ya ji muryar, shi ke nan ya gama bincike a ransa. Bai tambayi Surajo komai ba. Kun dai san halinmu, mara lafiya yana kwance kamar buhu, ɗan jinya ake yi wa bayani. Likitan ya ja Manniru bakin ƙofa ya ce, "Irin waɗannan da maza suke kwana. Za mu yi masa gwajin ƙanjamau, matarsa ma a kawo ta."

Haba likita! Surajo yana ji, amma ko ɗaga kai ba ya iyawa. Manniru ya ajiye kwanon kunu ya fita, bai dawo ba.

Sakamako ya fito, ciwon suga ne kawai. Wata nas, Felicity, ta zauna gefen gadon ta ce da 'yar Hausarta, "Sori baba. Likita bai yi kyau ba, amma ni ƙarami ne a nan."

Surajo ya roƙe ta ko likitan zai kira surukansa ya gyara maganar. Aka ce ai an mayar da likitan wani sashe. Lokacin kuwa Manniru ya riga ya kwashe Barira da 'yarta zuwa gidan iyayensu, zancen ya zaga Karshi. Wallahi abin da ban tausayi, takardar gwajin tana hannun Surajo, ba mai son gani.

Ya yi ta kiran wayar Barira, har ran nan Kauthar ta ɗauka.

"Baba," ta ce a hankali, "Kawu ya ce kar in ƙara ce maka Baba. To me zan riƙa ce maka?"