Lambunmu na bakin Telwa

Lambun da muka gada, ni da yayana, yana bakin korin Telwa ne, arewa da garin Agadas. Kori dai rafin yashi ne, ba ya kawo ruwa sai an yi sama a duwatsun Abzin. Tsakanin shingenmu da yashin akwai wata gaɓa mai tudu wadda goruba da aduwa da bagaruwa suka cika, har akuya ba ta ratsa ta sai da dabara. Mahaifinmu bai taɓa barin a ɗora gatari a wurin ba. Muna shuka alkama da albasa da tumatir, sa guda yana ja mana guga daga rijiya.

A shekara ta biyu ta babban fari, lokacin soja ke riƙe da ƙasa, wani tsoho ya iso ƙofar lambun da iyalinsa. Makiyayi ne daga wajen Aderbissinat, aminin mahaifinmu. Tun muna yara yake sauka kusa da mu bayan girbi, dabbobinsa su kwana a fili su bar mana taki, mu kuma mu auna masa alkama. Da garke yake zuwa a da. Wannan karon awaki ne ba su kai goma ba, da jaki ɗaya, da matarsa da 'ya'yansa mata biyu da jikoki.

Soja sun buɗe sansani a bayan gari, inda manyan motocin kamiyo ke sauke jar dawa ana raba wa waɗanda dabbobinsu suka ƙare. Yayana ya faɗa masa haka bayan sun gaisa.

Tsohon ya ce, "Na biyo ta can. An ce in shiga, amma ban da awakin. In na rabu da su, ko ruwa ya dawo, da me zan koma daji?"

Yaya ya nuna masa gaɓar ya ce, "Baba, ku sauka nan. Akwai inuwa, ga rijiya."

Na jira muka bar wajen baƙon. Sai da muka koma bakin rijiya na ce, "Yaya, awaki a gaɓar nan? Ka san abin da za su yi mata."

"Na sani."

"To a ba su hatsi su nemi wani wuri."

Ya ce, "Wane wuri? Ka duba ko'ina, in ka ga kore ban da nan ka faɗa mini. Ƙasar da muke ci yau, takin garkensa ne."

Ina da shekara ashirin da 'yan kai a lokacin, shi kuma ya girme ni nesa, shi ya yi mini aure. Na haɗiye sauran maganar.

Ba ɓarna suka zo yi ba, wannan zan iya shaida. Awakin sun fara da ganyen ƙasa, da ya ƙare aka riƙa sassabe musu rassan aduwa. Matan suna yankan kabar goruba suna saƙa tabarmi su kai kasuwa, da kuɗin suke sayen gishiri da ɗan shayi. Da manyan ganyen suka ƙare sai suka koma kan ƙananan da ke tasowa. Wasu dangin tsohon suka ji labari suka zo, bukka ɗaya ta zama huɗu. Kowace bukka tana hura wuta. A rediyo kullum ana shelar gwamnati ta hana saran ɗanyen itace, masu tsaron daji kuma sukan zagayo. Ranar da ɗayansu ya tsaya a kanmu, ya dubi kututturan, ya dubi yaran da ke zaune da kumburarren ciki, ya ce wa Yaya a yi hattara, ya wuce.

Mu ma ba mu tsira ba. Ruwan rijiya ya yi ƙasa, muka yi ta ƙara mata zurfi, san ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Babu taki, don babu garke. Muka shuka alkama da albasa da tumatir a fili ɗaya bi da bi ba tare da mun ba shi komai ba, ƙasar ta yi fari ta dunƙule, in ka zuba ruwa sai ya tsaya a sama kamar a kan faranti. Karan da muke bari ya rufe ƙasa, shi ma muka kwashe muka ba wa san namu. Da iska ta taso daga gabas babu abin da ya tare ta, yashin kori ya riƙa hawowa yana kwanciya a kan fangalin albasa. Da safe mu kwashe da kwando, kafin la'asar ya dawo.

Wata rana tsohon ya same ni ina wannan kwasar. Ya tsaya kusa da ni ya ce, "Ɗana, na san abin da muka ci muku."

Na ce, "Allah ne ya kawo, Baba."

Ya ce, "Allah ne ya kawo fari. Gatarin kuwa a hannunmu yake."

Na ci gaba da cika kwandona.

Damina ta dawo a shekarar da ta biyo. A gari ko ɗigo ba a yi ba ranar, rana tana haske da hantsi muka ji ƙugi daga arewa. Mutane suka fito suna murna, Telwa ta kawo ruwa. Mu muna tsaye a cikin lambu muna kallo. Ruwan ja ne, yana tafe da itatuwa da gawar dabbobi. A da in ya zo yakan bugi saiwoyin goruba ya karkata ya bi hanyarsa. Wannan karon ya sami gaɓar tsirara, ya shiga cinta ta ƙasa. Sai ka ga tudu ya tsage, ya ɗan tsaya, ya rufta. Baƙinmu suka kwashe tabarminsu suka hau sama. Kafin azahar shinge ya tafi, fangalin albasa ya bi shi, ruwan ya tsaya dab da bakin rijiya. Da ya janye bayan kwana biyu, rabin lambun ya zama kori, sauran kuma tsakuwa da yashi sun rufe shi.

Tsohon ya tashi da mutanensa da ciyawa ta fito. Awakinsa shida suka rayu. Da zai tafi ya jawo akuya mai ciki zai bar mana, Yaya ya ƙi karɓa, ya raka su har bakin hanyar Damagaram. Ba mu sake ganinsa ba. Jikansa ne ya zo bayan shekaru ya gaya mana ya rasu a cikin dabbobinsa.

Abin da ya rage na lambun ba ya ciyar da gida biyu. Na bar wa Yaya, na hau mota zuwa Arlit neman aikin lebura. Shi ya zauna yana ɗebo duwatsu a kan jaki yana jera su a sabuwar gaɓar, yana binne ƙwallon goruba a bayansu. Goruba ba ta sauri, bai ga tsayinsu ba. Mun yi zama da yawa ni da shi kafin ya rasu, mun yi hirar farin da waɗanda ya ɗauke, amma ko sau ɗaya bai ce da ma bai sauke baƙin nan a gaɓar ba, ni ma ban tambaye shi ba.