Magaryar da Na Sare a Waziriyya

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa daga kai, amma ban ga ranar da zai kwashe wata Juma'a da na zauna kallon katun da jikata ba.

A lokacin ina tuƙa motar kaya a Madinar Masana'antu, yankin kamfanoni na birnin Jidda. A tsakar gidanmu na unguwar Waziriyya akwai magaryar da marigayiya matata ta shuka. Na ga tana hana ni shigo da mota, sai na kira mai zarto ya kwantar da ita, ban shawarci kowa ba. Jikata 'yar shekara tara, wadda a gindin bishiyar take wuni, ta daina kawo mini shayi. In na tsokane ta da "amaryata", sai ta ce da Larabci, "Halas, ya Sidi," wato ya isa haka kakana, ta wuce. Sati uku muna haka. Girman kai ya hana ni ba yarinya haƙuri.

Ranar na dawo daga masallaci na tarar tana kallon katun ɗin Japan da aka juya zuwa Larabci. Da can korarta nake yi, wai shirme ne. Na dai zauna don in sha sanyin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki. Labarin wani ƙauye ne da suka sare bishiyar bakin marmaro don su faɗaɗa hanya. Sai ga wani ɗan tsoho mai gemun ganye ya fito daga kututturen, ya ɗaure ƙunshinsa ya kama hanya, ruwan ya bi bayansa kamar akuya ta ga mai dusa.

Na yi dariya har da tari. Na ce ai wannan tatsuniyar kakata ce, sai dai namu aljanin a tsamiya yake zama. Ta juyo ta dube ni, ta ce in faɗa mata. Na yi mata "ga ta nan, ga ta nanku" da rana tsaka, abin da aka hana mu muna yara.

Da na gama, yarinyar da Hausa ke yi wa nauyi a baki ta harhaɗa kalmominta ta ce, "To Sidi, na cikin magaryar Kaka ina ya tafi? Jidda babu daji."

Na ce na yi kuskure, ta yafe mini. Ta ce ita ta yafe, amma shi sai an yi masa sabon gida. Ta ruga ta ɗauko gwangwanin madara cike da ƙwallayen magarya da ta ɓoye tun ranar saran. Muka shuka su a gefen kututturen, na jawo tiyon da ruwan mukayyif ke ɗiga na ɗora a wurin. Mota ta koma kwana a titi. Washegari shayi ya dawo. Sukari ya yi masa yawa, na shanye tas.

Yau sabuwar magaryar ta wuce katanga, a inuwarta nake alwala. Na koyi cewa bishiyar da ke tsakar gidanka ba taka ce kai kaɗai ba, kuma furfura ba ta zubewa don ka ce wa yaro ka yi kuskure.