Lilon da Dillalin Riɗi Ya Yanke

Wasu ɗalibai masu zane sun zo layinmu a Gadarif ta Sudan, suka rataya lilo na tsofaffin tayoyi masu fenti, na mako ɗaya kawai. 'Yata ta wuni a kai tana dariya. Washegari maƙwabcinmu, dillalin riɗi, ya yanke igiyoyin, wai sun tare wa motarsa hanya.

Ranar da zai yi lodi na tara matan layin, muka shimfiɗa tabarmi a ƙofar sitonsa, muka ɗora gahawa.

Ya ce, "Ya Hajja, don Allah ku matsa."

Na ce, "Wallahi sai ka mayar da lilon."

Bayan la'asar ya hau tsani da kansa don ɗaura igiyoyin. Sau biyu na sa shi sake ƙullin.