Malam Ajimi Mai Duba Lamba da Allurar da Ba Ta Barin Tabo

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Malam Ajimi Madu a garin Nguru a shekarar 1947, wata biyu bayan cutar agana ta shiga gidansu ta ɗauke yayyensa biyu cikin mako guda. Mahaifinsa Malam Madu ɗan kasuwar fata ne, mahaifiyarsa kuwa Ya Gumsu, wadda ta tsira daga cutar amma ta rayu da zanzana a fuska har ƙarshen ranta. Ya fara da karatun allo, sannan a 1955 aka sa shi firamare, inda aka tsaga masa lambar rigakafin agana a damtsen hagu. Wurin ya kumbura, ya yi ruwa, ya bushe, ya bar tabo mai faɗin sisi, kuma wannan tabo shi ne abin da ya fi alfahari da shi a jikinsa.

Aikinsa

A shekarar 1967 aka ɗauke shi cikin ma'aikatan yaƙi da agana, aka ba shi aikin duba lamba, wanda ya zame masa suna. Idan masu allura suka wuce ƙauye, shi ne ke biyo sawunsu bayan kwana bakwai, ya sa a naɗe hannun riga, ya shafa damtse da babban yatsa. In wurin ya tashi, lamba ta kama, mutum ya tsira har abada. In ya tarar da fata sumul, sai a sake, ko mutum hakimi ne. Daga Dapchi zuwa Dagona babu hannun da ya fi ƙarfin yatsan nan, kuma da idonsa ya ga cutar ta ƙare ƙurmus. Daga nan ya riƙe ƙa'ida biyu da ko da wuƙa ba a kankare su daga ransa: rigakafin gaskiya yana barin tabo, kuma sau ɗaya ake yin sa a rayuwa.

Aurensa da Komawarsa Gashua

Bayan an rufe aikin ya shiga hukumar jirgin ƙasa a tashar Nguru, ya auri Hajiya Kaltum a 1973, Allah ya albarkace su da 'ya'ya biyar. A 1995 ya yi ritaya ya koma Gashua ya kama noman shinkafa a bakin kogi. Ko da yake rabonsa da aikin lafiya ya haura shekara ashirin, dattawan unguwa ba sa miƙa hannu ga kowace allura sai sun ji ta bakinsa, shi kuma, a faɗi gaskiya, yana jin daɗin hakan ƙwarai.

Shekarunsa na Ƙarshe

A 2019, gab da tafiyarsa aikin Hajji, babbar 'yarsa Rahima, ma'aikaciyar jinya a Nguru, ta yi masa allurar rigakafin mura mai tsanani, irin wadda kan sauka huhun tsofaffi. Ya ƙirga kwana bakwai ya duba, babu komai. Ya ƙara bakwai a Makka ya sake dubawa, shiru kake ji. Ya dawo lafiya lau, amma da ruɗanin da bai rabu da shi ba, domin dattawa sun yi ta tambayarsa ko ta kama, shi kuma karon farko a rayuwarsa ya rasa amsa.

A watan Nuwamban 2023, da sanyi ya fara shigowa, Rahima ta samo allura biyu da ƙyar daga Kano, ta kawo su cikin ƙanƙara, ɗaya tasa ɗaya ta mahaifiyarta, domin duka biyun sun tsufa kuma shi ƙirjinsa ya fara rauni. Ta yi masa bayani cewa ƙwayar cutar tana sauya kama duk shekara, shi ya sa ake sabunta allurar, kuma ba a yi ta don ta bar tabo ba. Malam ya saurara da natsuwa, sannan ya shimfiɗa mata hujjar da ta sa ta kama kai: in ta farko ta kama, ta biyu ba ta da amfani, in kuwa ba ta kama ba, me zai sa ya sake karɓar abin da ba ya kamawa? Ta roƙe shi har da hawaye. Bai ce allurar ƙarya ce ba, bai kuma ce gaskiya ce ba, cewa ya yi a ba shi lokaci ya gane kanta. Hajiya Kaltum dai ta naɗe hannu aka yi mata, tana mitar cewa taurin kan mutumin nan ya girmi aurensu. Tasa kuwa ya sa aka yi wa maƙwabcinsa Hamajoɗa, dillalin shanu, don ya riƙa duba hannunsa.

Rashin Lafiyarsa da Rasuwarsa

A farkon Janairun 2024 mura ta ratsa unguwar. Hajiya Kaltum ta kwanta kwana biyu ta miƙe, Hamajoɗa ko kasuwa bai fasa ba, amma Malam zazzaɓi ya kayar da shi, tari ya sauka ƙirji, aka kwantar da shi a asibiti. Ranar da ya cika kwana tara, da hantsi, ya ce wa matarsa ta matso ta naɗe hannun rigarta. Ya shafa damtsen da yatsan nan nasa, ya sake shafawa, sannan ya ce, "Hajiya, babu komai a nan fa. To me ya tsare ki?" Ta fashe da kuka, shi kuwa bai ƙara wata magana ba sai kalmar shahada.

Ya rasu ranar Alhamis, 18 ga Janairu, 2024, yana da shekara saba'in da shida, aka yi jana'izarsa bayan la'asar a maƙabartar Gashua. Waɗanda suka yi masa wanka sun shaida cewa tabon damtsensa na hagu yana nan raɗau kamar jiya aka yi shi. Ya bar matarsa Hajiya Kaltum, da jikoki goma sha tara, da 'ya'ya biyar: Uwais, Wasila, Nuraini, Haisam, sai babbarsu Rahima, wadda har yau take cewa da ta sani, da ta yi wa Baba ƙarya sau ɗaya tak ta ce masa tabon yana fitowa daga baya. Allah ya jiƙansa da rahama.